Kujerar Talata Zuwa Legas

Ni fa har yau ban taɓa hawa jirgin sama ba. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya ji yadda nake zuba a kan tikiti ya ɗauka na sha yawo a sama. Amma in tambayarka ita ce wace rana kujerar Kano zuwa Legas ta fi araha, to gyara zama, wannan kam na san ta, kuma ba a aji na koya ba.

A wani shagon kwamfuta na koya, a Gwarzo. Gidanmu a Kabo yake. Da na gama sakandare ba a samu halin in ci gaba ba, don Baba tsohon malamin firamare ne, fanshonsa kuwa sai ya ga dama yake zuwa. Sai na riƙa bin motar safe ina zuwa shagon wani bawan Allah da kowa ke kira Oga. Buga takardu ake yi a wurin, da fotokwafi, da duba sakamakon jarrabawa. Abin da nake samu bai wuce na abinci da na mota ba, amma akwai wani abu da ya fi mini kuɗi: in babu kwastoma kuma janareto na kunne, Oga yakan ce in taɓa intanet. Lokacin ana tsakiyar zafin shari'a. Da can akwai katako tsakanin kwamfuta da kwamfuta, sai 'yan kwamitin shari'a suka zo suka ce a cire, kowace ta fuskanci ƙofa. Saboda haka duk wanda ya gifta yana ganin abin da kake kallo. Ni abin da ake gani a tawa kullum jerin jirage ne.

Yadda abin ya fara, wani Alhaji ne mai kai shanu kudu ya shigo da sauri, ya ce a duba masa kuɗin jirgin gobe. Na duba na karanta masa. Ya ture hula ya sosa ƙeya ya ce, “Wannan ai kuɗin ragon layya ne,” ya fita ya nufi tasha. Da ya tafi sai hannuna ya yi ƙaiƙayi. Na matsar da ranar gaba da mako ɗaya. Kuɗi ya ragu. Na matsar da wata guda. Ya sake faɗuwa, har ya kusa taɓa kuɗin babbar motar nan mai kwana a hanya. Wallahi sai da na miƙe tsaye. Jirgi ɗaya, kujera ɗaya, gari ɗaya, amma kuɗi daban-daban? Ashe abin kamar hatsi ne a kasuwar Gwarzo, wanda ya saya da kaka da wanda ya saya tsakiyar damina, ba buhu ɗaya suka saya ba ko da daga rumbu ɗaya aka auno.

Daga ranar na kamu. Kullum sai na leƙa. Na gane kujeru masu araha 'yan kaɗan ne a kowane jirgi, masu rigewa ke kwashe su, in sun ƙare sai a buɗe na sama da su. Na gane Juma'a da yamma da Lahadi da Litinin da safe wuta ne, don ranakun manyan ma'aikata ne. Talata da Laraba da tsakar rana kuwa kamar kasuwa ta watse. Wanda ya fi burge ni shi ne na Sallah. Kafin Sallah kowa gida yake tahowa, jirgin da ke zuwa Kano ne mai tsada. Bayan Sallah sai abin ya juye, mai komawa Legas ya hau, mai zuwa Kano ya sauka ƙasa. Kuma ba a yin nisa da yawa, don in ka duba wata huɗu gaba wani lokaci ba su ma saki masu arahar ba. Abin da na gani da idona, kamar wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi kafin tafiya, nan ne daidai.

To, ka san wanda ya gano abu. Na ishi kowa. A teburin mai shayi a Kabo, da sun hango ni sai ka ji an ce, “Ga direban sama nan.”

“Mutumina, yau nawa ake sayar da gajimare?”

“Ku bari ku ji,” in ce, “in ka saya ranar Talata…”

“Kai da ko Kano rabonka da ita tun kana ɗan yaro? Zauna ka sha shayinka.”

Ni kaina ban san ranar da ilimin nan zai yi amfani ba. Sai da maganar Yaya ta taso.

Yaya ita ce 'yar farin Inna. Mu asalinmu makiyaya ne, kakanmu ne ya jingine sanda ya ɗauki fartanya. Fulatanci ya tafi, shanu sun ragu, amma kunya tana nan daram. Tun Yaya ba ta gama yaye sosai ba aka kai ta Dugabau wurin Goggo, yayar Baba, can ta tashi. Inna ba ta kiran sunanta, ba ta zama a yi hirarta. In ya zama dole sai ta ce “'yar Goggonku.” Ko ranar da aka ɗaura auren Yaya, Inna tana can wurin shanu tana tatsar nono kamar bikin maƙwabta ake yi.

Mijin Yaya ɗan kasuwa ne, a Legas yake zaune, can ya tafi da ita. Shekaru suka ja. Sau biyu tana samun ciki yana zubewa. Wannan karon ya tsaya, amma likita ya ce ko kusa kada ta hau mota. A al'ada, haihuwar fari gida ake zuwa goyon ciki, a haihu a gaban manya, a yi wanka, a yi arba'in. Tunda ita ba za ta zo ba, dole wani ya je. Kuma kowa ya san wanda zai je: Goggo, ita ce ta raine ta.

Matsalar ita ce ƙafafun Goggo. In ta daɗe a zaune sai su kumbura kamar an hura, ko zuwa Kano sai ta kwana biyu tana jinya. Ina ita ina motar da za ta wuni ta kwana a hanya? Mijin Yaya ya turo abin da ya sawwaƙa, ya ba da haƙuri, kasuwa ta tsaya. Baba ya ɗora abin da ya iya. Aka haɗa, ya ɗan haura kuɗin mota zuwa da dawowa, amma bai kama ƙafar kuɗin jirgin da mutane suka sani ba.

Ina zaune a zaure ana wannan magana. Na ce, “Baba, zai isa jirgi.”

Ya kalle ni ta saman tabarau. “Wane jirgin? Na kwale-kwale?”

Na kwashe komai na zuba masa, Talata da Laraba, da kafin Sallah da bayanta. Ya saurara har na gama. Sai ya ce, “Abin da yau yake da wani kuɗi, gobe wani, ka biya ba ka ga kaya ba, in ranar ta zo ba ka je ba kuɗinka ya tafi. Wannan ba caca ba ce kuwa?”

A lokacin ba a wasa da irin wannan tambaya. Bayan la'asar muka tsaya wurin limamin unguwarmu, Baba ya sa na sake maimaitawa. Liman ya ce, “An faɗa maka kuɗin kafin ka biya?” Na ce an faɗa. “An faɗa maka ranar da gurin da za a kai ka?” Na ce har da lokacin tashi. Ya ce da Baba, “Malam, wannan ai haya ce, kamar ka kama amalanke tun yau don ranar da za ka kwaso dawa. Ya dai riƙa cewa in Allah ya so.” Sannan ya juyo gare ni ya rage murya, “Na Saudiyya ma haka yake sauka?”

Baba ya yarda. Sai na ce to a faɗa mini rana.

Nan fa ake yin ta. Wace rana? A gidanmu ba a maganar ciki. Ba a cewa wata nawa ne, ba a sayen ko ɗan kamfai kafin a ji kuka, balle cikin da aka sha wuya a kansa. Ni ƙane ne, ba zan ɗaga waya in tambayi Yaya yaushe za ta haihu ba, bakina ma ba zai iya haɗa kalmomin ba. Mijinta ba zai faɗa wa surukai ba. Baba ya ce shi namiji ne, ina ruwansa. Na hau babur ɗin aboki na je Dugabau, Goggo ta ce, “In ta sauka ai za mu ji, ɗan nan. Kai ne ungozomar?”

Na ce, “Goggo, in aka bari sai ta sauka, tikitin gobe za a saya, shi kuwa ya ninka abin da muke da shi.”

“To ka ce da jirgin ya jira.”

Haka aka yi ta yi. An yi ƙaramar Sallah, mutane sun gama komawa Legas, kuɗin ya sauko daidai yadda na sani zai sauko. Kullum ina zaune gaban kwamfuta ina kallon kujeru masu araha suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Yau ka ga wata Laraba tana ƙasa, jibi ka dawo ta hau. Abinci ma ya daina yi mini daɗi. Oga ya ce, “Kai ka zaɓi kowace rana mana.” Na ce in na kai Goggo da wuri da yawa, su Yaya ɗaki ɗaya gare su da ɗan falo, kuma arba'in ɗin zai ƙare a tsadar babbar Sallah. In na makara kuwa, me aka yi ke nan?

Wata safiya ina ɗaura takalmi a tsakar gida zan fita, Inna tana bakin murhu tana soya man shanu. Ta daɗe tana tara shi, ba ta kai kasuwa, ban kuma taɓa tambayar dalili ba. Ba ta kalle ni ba. Da ludayi take magana.

“Man nan dai,” ta ce, “in ya wuce goma ga Zulƙida yana nan gidan, an yi asararsa. Gara a kai shi inda za a kai shi kafin nan. Ko da kwana uku ne ko huɗu.”

Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Soyayyen man shanu yana wata da watanni bai yi komai ba, ko yaro ya san haka. Na buɗe baki zan ce wani abu, sai ta ce, “Motar za ta tafi ta bar ka.”

Da gudu na je tasha. A shago na sauko da kalandar bango mai watan Musulunci a ƙasan na boko, na bi da yatsa. Akwai Talata kwana huɗu kafin goma ga wata, ko biyar, ya danganta da ganin wata. Jirgin tsakar rana. Kuɗinsa yana ƙasa. Na ƙirga arba'in gaba, dawowa ta faɗa bayan babbar Sallah, lokacin da jirgin zuwa Kano ke neman fasinja. Kai, ranar har Oga sai da na rungume.

Sai dai ba a kama kujera sai da suna kamar yadda yake a katin shaida, kuma a filin jirgi sai an nuna katin mai hoto. Da yamma na koma Dugabau. Na tarar da Goggo a kan tabarma ta miƙe ƙafafu tana ɓarar gyaɗa. Bayan mun gaisa, ta tambayi mutan gida ɗaya-ɗaya har da awaki, na ce ta ba ni katinta.

“Wane kati?”

“Na shaida, Goggo. Wanda aka ɗauke ku hoto a firamare.”

“Au, wannan. Gara ta cinye shi tun bara.”

Na koma gida na faɗa a zaure, Inna tana jin mu daga tsakar gida. Baba ya ce, “Ikon Allah. To wa ke da kati a cikin matan?” Ya fara lissafo su. Wannan tana goyo, waccan mijinta ba zai bari ba, wata ba ta je ɗaukar hoton ba ma. Ya ɗaga murya kaɗan ya ce, “Sai fa uwarku. Nata yana cikin akwatina.”

Daga tsakar gida Inna ta ce, “Ni? Allah ya kiyaye. In bi 'yar fari har Legas, a ce me a garin nan?”

Ni kuma, da kaina ya cika da wayo, na kwana ina tunani har na samo mafita. Washegari tun da hantsi ina Dugabau.

“Goggo, an gama! Na tambaya. Kotu za mu je, ki yi takardar rantsuwa cewa katinki ya lalace, a manna hoto, alƙali ya buga hatimi. Suna karɓa. Yau ɗin nan za a gama.”

Ta ajiye gyaɗar. “In yi me?”

“Rantsuwa, Goggo. Minti biyar ne.”

“Matso nan.”

Na matsa. Ta kama kunnena ta murɗa, irin murɗar da rabona da ita tun ina aji uku. Da ɗaya hannun ta jawo wata kwalla daga ƙarƙashin gado, ta buɗe, ta ɗaga wani tsumma. Ga kati nan sabo fil a cikin leda, hotonta na kallona.

“Ƙaryar da na yi jiya ta ishe ni istigfari,” ta ce, “ba sai ka kai ni gaban alƙali na dafa Alƙur'ani ba. Kai wane irin yaro ne? Ka san ranar da jirgi ke araha, ba ka san uwarka ba?”

Ta saki kunnen, na shafa shi.

“Wa ya faɗa maka ranar? Ni ce? Ni ban sani ba. Ita ta sani, don duk Juma'a sai ta je gidan matar nan ma'aikaciyar asibiti ta unguwarku, wai karɓo maganin ciwon kai. Matar ta kira yarinyar a waya su yi ta hira, ita tana gefe tana saurare, ko tari ba ta yi. Sau biyu yarinyar nan tana zubar da jini a garin da ba ta da kowa, uwarta tana nan tana kwana zaune, ba ta da bakin cewa komai. Ni na raine ta, na ji daɗinta, Allah ya sani. Amma wannan karon ba ni take buƙata ba. In na ce wa uwarka ta je, ba za ta je ba. In ubanka ya ce, za ta ce me mutane za su ce. Amma in na'urarka ce ta ƙi ni, wa zai yi wa na'ura gori?”

Na ce, “Baba ya sani?”

“Ƙanena ne. Tun kafin a haife ka nake juya shi. Tashi ka tafi, kuma in ka sake ka ambaci kotu a gidan can, sai na cire ɗaya kunnen.”

Da na koma gida na tsaya a tsakar gida, na yi fuskar tausayi iyakar iyawata, na ce kwamfuta ba ta karɓar mutum sai da kati, kuma in aka wuce gobe kujerar za ta tafi. Wannan na ƙarshen gaskiya ne tsantsa. Baba ya ce shi zai kai ta filin jirgi da kansa, a can kuma surukinta ne zai tarbe ta, shi ma muharraminta ne, babu abin faɗa. Inna ta daɗe tana goge wata ƙwarya da ta riga ta bushe. Can ta ce, “Tunda dai man zai lalace.”

Washegari aka tashi babu fetur a Gwarzo. Layi tun daga gidan mai har kwana, 'yan bumburutu sun ɓoye nasu. Ɗan abin da ya rage a janareto muka kunna da shi. Intanet ɗin ma ranar tafiyar hawainiya yake yi. Na buɗe, Talatar tana nan amma an rubuta saura kaɗan. Na ɗauko katin Inna. Ka san ban taɓa furta sunan nan da bakina ba, sai ga shi ina bugawa da yatsa, harafi ɗaya-ɗaya, ina jin nauyi kamar tana tsaye a bayana. Na gama, na kai hannu zan danna, janareto ya yi tari sau biyu ya mutu.

Ban san na yi ƙara ba sai da wata mata da ta zo yin fotokwafi ta ce lafiya. Oga ya miƙe. Ya fita ya jawo babur ɗinsa bakin ƙofa, ya samo tiyo, ya zura a tanki, ya tsotsa da baki har fetur ya shigar masa maƙogwaro. Yana tofarwa yana tari yana tara shi a galan. Ya juye a janareto ya ja igiya. “Yi sauri,” ya ce, “wannan ne na komawa gida.” Na sake cikewa daga farko. Ta kamu. Suka ba ni lamba, suka ce in je banki in biya kafin gobe. Ban jira gobe ba, a guje na tafi. Da yamma na ga Oga yana tura babur da ƙafa ya nufi unguwarsu, na bi shi zan karɓa, ya ce, “Bar shi, motsa jiki ne. Ka gaishe da Inna.” Duk inda mutumin nan yake, Allah ya saka masa da alheri.

Sai kaya. Tikiti mai araha yana da iyakar nauyin da za ka ɗauka, Inna kuwa ta haɗa kamar za ta buɗe rumfa: man shanu, daddawa, kuka, kuɓewa busasshiya, kanwa, yaji, gero rabin buhu, har da ganyen wanka. Na kai jakar wurin mai sikelin hatsi a kasuwa muka auna, ta wuce nesa. Muka yi ta ciniki da ita a tsakar gida.

“Inna, akwai gero a Legas.”

“Irin nasu.”

“Daga nan ake kai musu.”

“Shi ya sa, tsohon ake kai musu.”

Da ƙyar ta yarda aka rage geron zuwa kwano biyu. Man shanun kuwa na zuba a roba mai murfi, na naɗe da leda da salatif har sai da ya koma kamar ƙwallo.

Ranar Talata muka yi sammako, ni da Baba da ita. A Kano ba a barin mata su hau acaɓa a lokacin, sai muka ɗauki tasi daga tasha. Ranar na fara ganin jirgi a ƙasa, ta bayan shingen waya. Ashe haka yake da girma! Na so in tsaya kallo, amma hankalina yana kan takardar da na buga a shagonmu. Zuciyata na ce mini, in fa suka ce ba su san ta ba? Matar da ke kan tebur ta karɓa, ta duba kati, ta dubi Inna, ta danna-danna, sai ga ɗan tikiti ya fito. Na ji kamar a ce in yi sujada a wurin.

Daga wata ƙofa ba a barin mai rakiya. Inna ba ta jin Turanci, ba ta taɓa wuce Kano ba. Na duba layi na hango wata Hajiya mai farin gilashi, na je na durƙusa na gaishe ta, na ce ga mahaifiyata, tafiyarta ta farko ke nan. Ba ta bari na ƙarasa ba. Ta kama hannun Inna ta ce, “Taho, 'yar uwa, ni ma ranar farko addu'ar da na sani duk sai da na karance ta. Ku koma abinku, sai na danƙa ta a hannun mai tarbarta.” Ban san sunanta ba, ban sake ganinta ba. Inna ta bi ta ba ta waiwayo ba, ta riƙe tikitin da hannu biyu.

Kafin mu kai Kabo mijin Yaya ya kira wayar Baba ya ce sun sauka lafiya. Baba ya ce, “Har an kai? Mu ko gida ba mu je ba.” Ya juya ya dube ni a cikin motar, ya daɗe yana dubana.

Ba a kai goma ga wata ba. Kwana biyu da zuwanta, ranar Alhamis da hantsi, abin ya taso, kuma ya zo da gardama. Mijin yana kasuwa, cunkoso ya riƙe shi a hanya. Inna ce ta ga jinin ta san ba na jira ba ne. Ta fita ta buga ƙofar maƙwabciya Bayarabiya, ba mai jin yaren wani, da hannu suka yi magana, suka samo mota. Tiyata aka yi. Likita ya ce wa mijin da an ƙara jinkiri da labarin ya canza.

Mu duk wannan ba mu sani ba sai bayan azahar. Muna zaure wayar Baba ta yi ƙara. Ya saurara, yana ta cewa alhamdu lillahi. Mace aka samu, uwa da 'ya suna lafiya. Ya aika yaran maƙwabta Dugabau da albishir, ya shiga ɗaki ya rufo ƙofa.

Sai ranar Asabar Yaya ta iya magana. Baba ya miƙo mini wayar ya ce ni take nema. Muryarta can ƙasa.

“Ƙanena.”

“Yaya, sannu. Sannu da jiki. Barka da arziki.”

“An ce kai ne ka yi ta gadin jirgi har ya sauko.”

Na yi dariya, hawaye na zubo mini. Na ce ba ni kaɗai ba ne.

“Na sani,” ta ce. “Allah ya yi maka albarka. Ka san da na farfaɗo, ƙafata na ji ana matsawa. Na zaci nas ce.” Ashe Inna ce. “Tun shekaranjiya ba ta matsa daga bakin gadon nan ba. Faɗa take ta yi da su da Hausa wai ba su rufe jaririyar da kyau ba.”

“Tana kusa? Ba ta mu gaisa.”

Na ji ta juya tana magana, na ji muryar Inna daga nesa, gajeriya.

Yaya ta dawo tana dariya a hankali, irin ta mai ɗinki a ciki. “Ta ce ba ta iya magana a waya ba. Wai in tambaye ka, ka ba awakinta dusa kuwa?”

Ban ba su ba. Na miƙa wa Baba wayar, na shiga gida na ɗauko kwano.